Akuyar Nan Ta Wa Ce?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin tasi ɗina, na sauke wasu alhazai kusa da Harami, wato Masallacin Annabi, ke nan bayan la'asar, sai Faisal ya kira ni. Da Larabci ya faɗa mini cewa mahaifinsa, Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya cika. Na kashe mota na zauna, na ma rasa wace hanya ce ke zuwa Ƙurban, unguwar da aka haife ni.

Kawu ya yi aiki a matatar mai ta Yanbu har ya yi ritaya. A farkon shekarun casa'in aka tura shi kwas ƙasar Ireland. Can wani abokin aikinsa ya ja shi kallon wasan kwaikwayo na mutanen karkara: an shimfiɗe gawar uba a tsakar ɗaki, 'ya'yansa suna ta cacar baki a kan saniya, 'yan kallo kuwa suna dariya har da hawaye. Da ya dawo ya ce mana, "Wallahi mutanen nan danginmu ne. Ruwan sama ne kawai ya yi musu yawa."

Abin da ke cin ransa a lokacin shi ne mu yaran dangi. A yi mana magana da Hausa, mu amsa da Larabci. Yakan ce, "Ni dai tsorona in mutu a rasa mai yi mini kuka da Hausa." Bai taɓa dukan kowa a kan haka ba. Wasa ya shirya, irin wanda ya gano, ya mai da saniya akuya, ya mai da ƙauyen na kakanninmu a ƙasar Hausa, wanda shi kansa bai taɓa takawa ba. Duk ƙaramar Sallah sai mu hau rufin gidansa mu yi, iyayenmu mata suna zaune a kan darduma da butar shayi. Sharaɗin ɗaya ne, babu kalmar Larabci ko guda.

Shi ne gawa kullum. Ya miƙe, mu lulluɓe shi da farin zanen gado, mu shiga rabon gado a kansa. Sai dai Allah bai yi gawar da ta kai Kawu rashin haƙuri ba. Da zarar ɗan auta ya durƙusa ya ce, "Baba, kafin ka yi nisa, akuyar nan ta wa ce?" sai ka ga tumbinsa yana rawa ƙarƙashin zane, daga nan wasa ya watse. Wani dattijo maƙwabcinsa ya taɓa yi masa faɗa cewa mutuwa ba abin wasa ba ce. Kawu ya saurare shi cikin ladabi, sannan ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Gwaji nake yi, don kada ranar ta zo mini da baƙunta." Sai da na girma ya faɗa mini cewa ya zaɓi zama gawa ne domin ya rufe ido ya ji muryoyinmu.

Matsayin ɗan autan nan saboda Faisal ya ƙirƙiro shi, ɗansa namiji tilo. Faisal bai taɓa yarda ba. Yakan ce, "Aib, ya Baba, khalas," wato abin kunya ne, a bar maganar, ya sauka ƙasa abinsa. Ni nake shiga madadinsa. Kowace shekara Kawu zai fara tambayarsa, kowace shekara ya ƙi, kuma ban taɓa jin Kawu ya yi ƙorafi ba. Ni dai abin yana ba ni haushi, na kuma sha faɗa wa Faisal haka.

Ni da Faisal muka yi wa Kawu wanka. Da muka ja likkafani a kansa, na kama kaina ina kallon cikinsa, ina jira ya motsa. Na san wauta ce, amma na jira. Kafin mu rufe fuskar sai Faisal ya riƙe hannuna ya ce, "Dakata, Yaya." Ya durƙusa daidai kunnen mahaifinsa, da Hausarsa mai tuntuɓe ya ce, "Baba, kafin ka yi nisa, akuyar nan ta wa ce?"

Zanen bai motsa ba. Faisal ya kifa kansa a kan ƙirjin mahaifinsa yana kuka, yana cewa, "Ka yafe mini, Baba, ga ni na zo." Dukkan wannan da Hausa ya faɗa.

An sallace shi a Masallacin Annabi, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Sale, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka tashe shi yana dariya. Ka ba Inna Hajara, matarsa, da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, Ka kuma sanyaya zuciyar Faisal. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.