Ba A Zagin Jikar Inna

Saura kwana huɗu Sallah, ni kuwa na riga na yanke ba ni zuwa gida Wurno bana. Na faɗi jarrabawa, aiki bai samu ba, kunya nake ji a tambaye ni. Ɗazu nan Sakkwato ina suyar cincin ya ƙone, sai na ji bakina na cewa, "Ke dai sakarya, komi kika taɓa sai ya lalace." Ƙaurin nan ya tuna mini kakata, Inna, Allah ya jiƙanta.

Wani jajibirin Sallah ta bar mini suyar albasar miya. Na tsaya hira, albasa ta yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya cika madafa. Na dinga dukan goshi ina zagin kaina. Inna ta taho tana dogara sanda, zanenta na ƙamshin man shanu.

"Ke, wa kike zagi?"

"Kaina, Inna."

"To wagga jikata ta. Mi ta yi miki? In zagi kike so, hita waje ki nemi jikar wata."

Ta zauna bisa turmi, ta tsince wadda ba ta ƙone ba da yatsunta, sannan ta miƙo mini wuƙa da sabuwar albasa.

Sati biyu ke nan ina zagin jikarta, ba mai tsawata mini. Na kira Mama na ce jibi ina tahe, duk mai tambaya ya tambaya.

Allah ya sanyaya makwancinki, Inna, ya yi miki sassauci irin wanda kika yi mini.