Gashin Balbela a Lambun Gamkalley

Shekarar da muka taso daga Maradi muka sauka a unguwar Boukoki ta birnin Yamai, ƴata ta daina dariya. Yaran gidan hayarmu da Zabarmanci suke wasa, ita kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya, sai ta zauna bakin ƙofa tana kallon su. Kullum tambayarta ke nan: "Mama, yaushe za mu koma wurin Kaka?" Har babanta ya fara cewa in ba ta saba ba, a mayar da ita can ta yi lekol, wato makarantar boko. Ni kuwa ko a mafarki ba na iya rabuwa da ita.

Maƙwabciyarmu malamar makaranta ce ƴar Dogondutsi, kowa Madam yake ce mata. Wata Lahadi da ta dawo daga majami'a ta leƙo ɗakina.

"Ƴar'uwa, ki ɗaura mata ɗankwali. Yau lambun yayana da ke Gamkalley zan kai yaran gidan nan farauta."

"Farauta kuma, Madam? Da wace bindiga?"

"Da idanu!"

Maigidana ne ya loda mu a taksinsa, yana mita wai yau kaji ya ɗauko, ba mutane ba.

Ban taɓa sanin Yamai na ɓoye wuri irin wannan ba. Ganyen salati ya yi kore shar, ƙamshin na'ana'a da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika iska, kogi yana ƙyalli ta tsakanin mangwarori kamar an shimfiɗa sabuwar shadda. Na ji kamar ni ce amaryar da ake zancenta a littattafan da nake karantawa ina budurwa.

Madam ta buɗe faifai, ta nuna wa yara abin da ke kai: katantanwa, ƴaƴan bagaruwa, ƙarangiya, da farin gashin balbela. Ta rufe da wani faifan, ta ce kowa ya nemo irinsu, amma abin da ya faɗi ƙasa kaɗai, ba a tsinkar shukar mai lambu. Ta haɗa su biyu-biyu. Ƴata ta faɗo da wata siririyar Bazabarma, ɗiyar mai ban ruwan lambun, wadda ba ta jin Hausa.

Sauran suka watse da ihu. Su biyun suka tsaya suna kallon juna. Can sai na ga ƴata ta sa yatsu a ka kamar ƙaho, ta yi kukan saniya, sannan ta kaɗa hannuwa kamar fiffike. A gidan kakarta ta sani cewa balbela ba ta rabuwa da shanu. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta cafke hannunta, suka ruga ta bayan shinge. Ashe ita Bazabarmar ta san mashayar da makiyaya ke kawo garke.

Na miƙe zan bi su, maigida ya riƙe gefen mayafina. "Zauna, sarauniya. Uban yarinyar yana can wajen, yana ganin su."

Yara suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya samo katantanwa da bagaruwa, amma gashin da suka kawo na kaza ne ko na tattabara. Wani ma ya rantse gashin zabonsa balbela ce ta tsufa.

Rana ta yi ja sannan ƴata da Bazabarmar suka ɓullo, taɓo har gwiwa, gashin balbela cike da hannuwansu. Katantanwa kuwa sun manta da ita sam.

"Ina ƙarangiyarku?" in ji Madam.

Ƴata ta juya, sai ga ta maƙale a zanenta tun daga ƙugu har ƙasa. Lambun ya kaure da dariya, muryarta ta fi ta kowa.

Ba su ci wasan ba. Amma a hanyar gida ta soka wa babanta gashi guda a hula, ya tuƙa mu haka har Boukoki, ƴan babur na yi masa kirari. Da muka sauka ta ja hannuna.

"Mama, yaushe za mu koma?"

"Maradi?"

"A'a, lambu! Yarinyar nan ta ce za ta nuna mini inda dorina ke leƙowa."

"Da wane harshe ta gaya miki?"

Sai ta kumbura kumatu, ta buɗe baki iya ƙarfinta kamar dorina. Babanta ya dube ni yana murmushi, bai kuma sake ta da zancen mayar da ita ba.