Tabon Ƙaho a Dantsen Yaya Buba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, Malam Buba mai kiwon raguna a Sheshe, kuma duk tsawon shekarun nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni ba marubuci ba ne. Karatuna na boko a firamare ya tsaya, sana'ata wankin hula, kuma a gidanmu an san ni da yawan wasiwasi. Ko shago na rufe sai na dawo daga bakin titi na sake taɓa kwaɗon. Amma ba rashin iya rubutu ne ya riƙe ni ba. Ni na yi wa Yaya wanka, kuma tun muna yara aka koya mana cewa wanda ya wanke gawa ba ya faɗin abin da ya gani. Sai bana na kai maganar gaban limamin masallacinmu. Ya ce abin da aka hana shi ne tona aibin mamaci, idan kuwa akwai wani rai da ake so a tsare, in faɗa, in yi masa addu'a. Washegari na koma na sake tambayarsa. Ya ce, "Malam Sani, amsar ba ta canja ba tun jiya."

Kakanmu da shanu ya shigo garin nan. Abin da ya rage mana na wannan gado shi ne ragunan da Yaya yake turkewa a bayan gida yana kiwatawa saboda Babbar Sallah. Mutum ne mai fara'a da tsokana, amma ba ya yarda da abu sai ya juya shi ya duba ƙasansa. Duk shekara yakan kira likitan dabbobi ya yi wa ragunansa allura, sai dai kafin a taɓa rago guda sai ya karɓi kwalbar ya ji ko da sanyinta, ya sa a karanta masa ranar da za ta lalace, ya tambayi inda aka samo ta. Likitan yakan ce Malam Buba ya fi shugabansa na ofis bincike. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka yayana jahili ne mai gudun allura. Abin da yake gudu shi ne a yi masa abu ba a yi masa bayani ba.

Lokacin korona kuwa bayani ne ya yi mana ƙaranci. An kulle mu a gida, an rufe masallatai da kasuwanni, sannan a ware rana a ce a fita a yi cefane, sai ka ga garin duka ya taru a wuri ɗaya, ƙirji na gugar baya. Yaya ya dawo daga neman dusa a irin wannan rana, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce da ni, "Ashe cutar ma ta san ranar hutu." An hana mu sahu a masallacin unguwa, amma muna ganin jana'izar manya a talabijin, jama'a ba wurin sa ƙafa. A watannin nan dattawan cikin gari suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, makarar masallacinmu ba ta hutawa. Wasu suka ce korona ce, wasu suka ce zafi ne da azumi, wasu suka ce asibitoci ne suka daina karɓar masu hawan jini da suga. Har yau ban ji wanda ya zo unguwarmu ya zauna ya faɗa mana gaskiyar abin da ya kwashe su ba.

Da allurar rigakafin ta iso, sai ta tarar da mutanen da zuciyarsu ta riga ta cika da zargi. Mu Kanawa muna da tsohon dalilinmu na ɗari-ɗari da maganin da aka kawo kyauta daga waje, tun gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yaranmu shekarun baya, manya sun san abin da nake nufi. Ga kuma wayoyi cike da maganganu: wai tana hana haihuwa, wai ƙarfe yana mannewa a inda aka yi ta, wai duk wanda ya karɓa ba zai daɗe ba. Ni ban yi ba, ba zan ɓoye ba. Yaya ma ya ƙi, har ranar da aka ce ba mai tafiya Umara sai da katin allura. Ya daɗe yana wannan niyya, tun rasuwar matarsa yake cewa zai je ya yi mata addu'a a Ɗakin Allah. Ya yi kwanaki yana juya maganar, sannan ya je aka yi masa a dantsen hagu. Da ya dawo ya biyo ta shagona yana dariya, ya ce, "Sani, kawo cokali mu gwada. In ya manne, ka kai ni wurin 'yan gwangwan su auna ni."

Dariyar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinsa. Kwana kaɗan sai zazzaɓi ya kama shi. Muka ce ai an faɗa allurar tana sa zazzaɓi, zai wuce. Bai wuce ba. Ya aika aka karɓo masa maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis. Yana da ciwon suga tun da daɗewa, amma ba wanda ya kawo wannan a ransa. Abin da na lura da shi, kuma ban fahimta ba a lokacin, shi ne mutumin da ya saba zama da 'yar shara a tsakar gida saboda zafi ya koma sa riga mai dogon hannu, ko kwance yake ba ya cire ta. 'Yarsa Rabi, wadda ita ke jinyarsa, ta so ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ya hana ta. Ranar da ya fara maganar da ba a ganewa muka ɗauke shi zuwa asibiti. Ba mu kai ga ganin likita ba, rai ya yi halinsa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, kamar yadda muka saba. Ba wanda ya duba shi, ba wanda ya tambaye mu komai.

A wurin wankan, ni da wani dattijo na'ibin liman ne, shi ma yanzu ya rasu. Da muka zare rigar, sai na ga dantsen hagu ya kumbura tun daga kafaɗa har gwiwar hannu, ya yi baƙi. A daidai inda aka yi allurar akwai zagayen bakin ƙaho, da tsagar aska a cikinsa, tsagar ta ruɓe tana fitar da ruwa. Dattijon ya kalle ni, ya ja mayafi ya rufe wurin, ya ce, "Ba mu ga komai ba." Na ce to.

A zaman makoki kowa ya shigo soro magana ɗaya ce a bakinsa: allura ta kashe Malam Buba. Ina zaune ina amsa gaisuwa, ina jin yadda labarin yake ƙara ƙarfi daga baki zuwa baki. Daga baya na riƙa jin ƙishin-ƙishin cewa a watannin nan akwai wani wanzami baƙo da yake zama wajen Mandawari, wanda matafiya da ma'aikatan da aka tilasta wa allura suke zuwa wurinsa a ɓoye ya kafa musu ƙaho a dantse, wai ya zuƙe ta kafin ta bi jini. Ka samu katinka, ka kuma fitar da abin da kake tsoro. Na je wurin wanzamin gidanmu, wanda ya yi wa 'ya'yanmu aski da kaciya, na zagaya na tambaye shi. Ya rantse ba shi ba ne, ya ce shi ba ya kafa wa mai suga ƙaho ko a baya, balle a kan sabon ciwo.

To me ya kashe Yaya? Ajali, wannan na sani, kuma na yarda. Amma sababi fa? Allurar ce ta kumbura masa hannu, shi ya sa ya nemi wanzami ya sauƙaƙa masa? Ko lafiyarsa ƙalau ya je, askar da ba a tsaftace ba ta haɗu da suga? Ko koronar ce da kanta ta same shi a layin allurar? Ina zargin duka ukun, kuma zargin bai bar ni na huta ba. Masu allurar ba su tambaye shi ciwon da yake da shi ba, haka ya faɗa min, ba su kuma dawo sun ga yadda ya kwana ba. Masu tura saƙo a waya da suka tsorata shi har ya kai hannunsa ga aska, su ma ba wanda ya zo ta'aziyya a cikinsu. Nakan tambayi kaina, mutumin da ba ya barin a taɓa ragonsa sai ya ji sanyin kwalba, yaya aka yi ya miƙa dantsensa ga baƙon da bai sani ba? Ina ganin an matse shi ne ta gaba da ta baya, ya rasa wanda zai tambaya ba tare da an yi masa dariya ba.

Da yau zai leƙo, zai tarar ba mai sa takunkumi, ba mai tambayar kati, an koma cunkuso kamar ba a taɓa yin komai ba. Na san zai ce, "To ina cutar ta tafi, wa ya raka ta tasha?" Amma akwai abin da zai gani a gidansa wanda ba zai yi wasa da shi ba, kuma shi ne ya sa ni wannan rubutu.

Rabi ta yi aure, ta haifi ɗa namiji, aka mayar da sunan Yaya, muna kiransa Abba. Tun da aka haife shi ba a taɓa ɗiga masa ko tsira masa komai ba. Idan masu rigakafi suka shigo lungu da allinsu suna rubutu a ƙofofi, sai ta goya shi ta shige gidan maƙwabta. Mijinta yana aiki a kudu, ya bar mata zaɓi. Bana kuma ƙyanda ta shigo unguwarsu ta Zaitawa, a layinsu ma ta kwantar da yara, ɗaya har ta taɓa masa ido. Ni da nake tsoron allurar korona, ban taɓa tsoron ta ƙyanda ba, don an yi wa 'ya'yana duka, an yi wa Rabin kanta, Yaya ne ma ya kai ta a kan babur. Bayan na fito daga wurin liman na je na same ta, na faɗa mata abin da na gani a dantsen mahaifinta.

Ta ce, "Baffa, shekara huɗu kana zaune da wannan, sai yanzu da masu alli suka dame mu? Ko sun ba ka aikin wayar da kai ne?"

Na ce, "Rabi, ni da ko tawa ban yi ba?"

Ta ce, "Ni na yi jinyarsa, ban ga ƙaho ba. Wanda kuka gani tare ya mutu. Ka kawo min wanzamin, ko wanda ya ga Baba a wurinsa. In na ji daga bakinsa, da kaina zan kai Abba asibiti. In ba haka ba, allura ta ci min uba, ba zan ba ta ɗa ba."

Ban ga laifinta ba. Halin ubanta ne, ba ta karɓar magana sai ta juya ta. Ragunansa an sayar, turakun ma an cire, katin Umararsa yana nan a cikin akwati bai je ko'ina ba. Abin da ya bari mai rai shi ne wannan hali na bincike a jikin 'yarsa, da sunansa a kan yaron da yanzu yake koyon tafiya. Tsorona shi ne kada halin ya juya ya cuci sunan.

Saboda haka nake roƙon masu karatu. Duk wanda ya san wanzamin da yake kafa ƙaho a dantse wajen Mandawari a shekarar allurar korona, ko shi kansa aka yi masa, ko ya taɓa ganin yayana, wani dogon mutum fari mai furfura a gemu, mai ɗan ɗingishi a ƙafar dama, yana jiran layi a wurin, don Allah ya aiko da saƙo ta hannun editan wannan shafi. Ba ƙara zan kai ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba. Ina so in san rana nawa bayan allurar ya je, kuma hannun a kumbure yake ko lafiya lau. Haka kuma idan akwai ma'aikacin lafiya mai tsoron Allah da zai iya zama a soro ya bambance mana kumburin allura da na ruɓar ciwo, ba da faɗa ba, ba da raini ba, ƙofarmu a buɗe take. Idan amsar ta nuna allurar ce, zan dawo shafin nan in faɗa da bakina.

Allah Ya jiƙan Yaya Buba, Ya yafe min idan na buɗe abin da ya so a rufe. Wanda ya san wani abu kada ya yi jinkiri irin nawa. Gidan da ƙyanda ta kwantar da yara na ƙarshe, katanga ɗaya ce tsakaninsa da ɗakin da Abba yake kwana.