Giram Goma Sha Takwas na Ruwa

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Baba Sikeli, sunan kuma ya bi shi har gida. Shekara talatin ke nan yana kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare: shi ke wanke kwalabe, shi ke auna sinadarai, makullin durowar asid kuwa a aljihunsa yake kwana. Mutum ne mai sanyin hali, amma ka kuskura ka yi tari kusa da sikelinsa, ranar za ka san yana da baki. Kafin ya yi awo sai ya rufe taga, ya kashe fanka, ya riƙe numfashi kamar mai sa zare a allura. Matarsa ma ta kore shi daga kicin tun ranar da ya tambaye ta giram nawa na gishiri ta zuba a tukunya.

Karatunsa bai yi nisa ba, abin kuma yana ci masa rai a ɓoye. Malami ya rubuta lamba, shi ya auna, bai taɓa cewa uffan ba.

Sai aka kawo sabuwar malama, sa'ar autarsa, ga ladabi ga rawar kai. Ana jibi ɗalibanta arba'in za su yi jarrabawar gwaji, ta miƙo masa takarda: giram goma da ɗigo shida na garin soda a kowace lita ta ruwa. Lissafinta daidai ne a littafi. Mol ƙidaya ce ta ƙwayoyin sinadari, kamar yadda ake cewa dozin, kuma mol ɗaya na busasshen garin soda giram ɗari da shida ne. Ita kashi ɗaya cikin goma take so.

Matsalar ita ce busasshen ya ƙare tun bara. Wanda ya rage a kan kantar ɗakin mai ƙyalli ne kamar sukari, kuma fiye da rabin nauyinsa ruwa ne da ya sha ya riƙe. In aka auna yadda ta rubuta, haɗin zai fito salam, amsar yara arba'in ta karkace, laifin kuma a kan malamar zai sauka.

Baba ya zauna ya zuba wa takardar ido. Zai iya gyarawa shiru, amma shi bai taɓa auna wani abu ya rubuta wani a jikin kwalba ba, ita kuma baɗi sai ta sake faɗawa. In ya je ya faɗa mata kuwa, wa ya aike shi gyara wa mai digiri? Tsoro ya ji, tsoro na gaske. Sau biyu yana kaiwa ƙofar ofishinta yana komowa. A na uku ya rungumi kwalbar sodar ya yi sallama, ya jira sauran malamai suka fita.

"Malama, ki gafarce ni. Wannan mai ruwa ne a ciki. Mol ɗinsa ɗari biyu da tamanin da shida ne. Ashirin da takwas da ɗigo shida za a auna."

Ta karanta jikin kwalbar, ta ja biro ta sake lissafi, sai ta dafe kai. Giram goma sha takwas cif ta manta, duk na ruwa. Shi kuwa yana tsaye yana murza hula, yana jiran a ce ya wuce gona da iri. Sai ta miƙe ta jawo masa kujera, ta rantse ba za ta zauna ba sai ya zauna.

"Baba, wa ya koya maka lissafin mol?"

"Ba kowa, 'yata. Ina bayan aji ina wanke kwalabe, kunnena kuma ba a toshe yake ba." Ya ɗan yi murmushi, ya sunkuyar da kai. "Ban dai taɓa samun wanda ya tambaye ni ba."