Lakirimos, Sunan da Malam Ya Raɗa Mini

Ku da kunka san Malam, Allah jiƙan shi, kun san ko gona za shi, ƙamus ɗin Turancin nan na hammata tai. Shekara ashirin yana koyarwa firamaren Gummi, har akuya da Turanci yake kora!

Ni kuwa tun ina ƙarama idona ruwa-ruwa ne. A yi haihuwa, kuka. A yanka kaza, kuka. Ran da anka kai ni ɗakinshi, yad dube ni, yac ce, "To, Allah ya ba ni Lakirimos."

Nic ce zagi ne. Ban kwana bakwai ba niy yi yaji, sai gidanmu, Nasarawa Burkullu. Malam yat tako keke yaz zo biko, yad durƙusa gaban Baba, yab buɗe littafi.

"Baba, ba zagi ba ne. Turawa na faɗinta ga mai saurin hawaye. Su ma arowa sunka yi daga Latanci, harshen Rumawan da. Can, lakirima shi ne hawaye."

Baba yac ce, "Ina masu harshen?"

"Sun ƙare, Baba."

"Subhanallahi! Da harshen matattu kake kiran ɗiyata?"

Sai da liman yas sa baki.

Suna dai yab bi ni. Fulanin da ke kawo muna nono sunka mai da shi Inna Lakiri, Malam na bin su har ƙofa yana gyara musu.

Shi wai bai taɓa kuka ba. Ran da anka kai autarmu gidan miji a Anka, niy iske shi bayan rumbu, gemu sharkaf.

"Malam, lafiya?"

"Albasa ce."

"Cikin rumbun gero?"

"Ke Lakirimos, ba a gardama da mai ilimi!"

Damina uku ke nan da rasuwa tai, yanzu kowa Inna ko Kaka yake ce mini. Kwanan baya nis sa sabon malamin firamare yan nemo mini kalmar cikin ƙamus ɗin. Yak karanta daidai, har da lanƙwasa harshe. Nic ce rufe, ɗana, ba ita ba ce.

Ya Allah ka haskaka kabarin Malam, ka gafarta mai. Ka haɗa mu a gidan da anka ce babu hawaye. Sai dai ka bar mai sunan nan, don in ya kira ni da wani, ba ni waigawa.