Jan Fenti a Zauren Kansila

Har gobe ba zan manta da ranar da muka shiga unguwar su Alhaji Mamman da gwangwanin jan fenti ba. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, Kazaure tana cikin jihar Kano, ni kuma ina ƙaramin ma'aikaci a sashen safiyo. Alhaji Mamman shi ne kansilan ayyuka. Shi ya kafe sai an fitar da titi daga kasuwa zuwa asibiti, don a kan jaki ake ratsa lunguna da mara lafiya.

Ƙa'idar aikinmu ita ce mu ja layi, mu kafa turaku, duk ginin da ya faɗo tsakani a shafa masa jan fenti, alamar za a rushe shi. Ta gabas dutse ne, shi kuwa ba ya matsa wa kowa. Layi ya miƙe, sai ga shi ya bi ta zauren gidan su kansila, ya haɗa da ɗakin mahaifiyarsa.

Shugabanmu, Mista Bulus, ya ja kansila gefe. "Ranka ya daɗe, in muka ɗan karkata yamma, gidan ya tsira."

"Sai ya hau kan wa?"

"Maƙera."

"Ni na ce musu ko gidan ubana ne layi ba zai kauce ba. Da wane bakin zan koma musu?"

Muna nan tsohuwar ta fito tana dogara sanda. Shi ne ɗanta na fari, saboda kunya ba ta taɓa kama sunansa ba. Ranar ta kama.

"Mamman, a ɗakin nan na haife ka. Cibiyarka tana binne a bayansa."

Ya durƙusa a gabanta. "Hajiya, ki gafarce ni."

Ta juya ta shige. Ni kuwa na kasa ɗaga buroshi. Alhaji Mamman ya karɓa ya shafa da kansa, hawaye na zuba a gemunsa. Wallahi ni ma na yi kuka.

Bayan haka babu mai gida ko ɗaya da ya tare mu da gardama. Hajiya ta koma gidan ƙaninsa, can ta rasu tun kafin a zuba kwalta. Ko ta yafe masa, Allah kaɗai ya sani.

Ku da kuke jan layi yanzu, ku riƙa tuna cewa a takarda siririn zare ne, a ƙasa kuwa ɗakin uwar wani ne. Alhaji Mamman ya yi wa gari titi, amma har ya koma ga Allah zagayawa yake yi, bai taɓa taka wurin ba.