Motar Ingila a Hayin Banki

Jama'a, yau mutum uku ne suka zaro ni daga mota a gaban surukai!

Ƙanena Sani ya sayo tsohuwar motar tsere ta Ingila, kujera biyu, ba rufi. Ya ce, "Yaya, da ita za ka je Hayin Banki nema wa ɗana aure, su san daga gidan da muka fito."

Na yi tuƙi a Landan, na yi a Jidda, ban taɓa zama dab da kwalta haka ba. Ƙara kamar jirgin sama, gudu kuwa sai haƙuri. A hanyar Kawo mai babur ya wuce ni, har da "Sannu Baba, a tura ne?" Amma wajen shan kwana akwai daɗi, ina ta dariya ni kaɗai har iska ta tafi da hulata.

Na isa, dattawa na kan tabarma suna jira. Na yunƙura, gwiwa ta ƙi! Babbar riga ta naɗe giyar motar! Aka taru aka ciro ni, kai ba hula.

Waliyyin yarinya ya dube ni, ya dubi abar. Ya ce, "Alhaji, mun ba ku. Amma ranar ɗaukar amarya, don Allah ku zo da mota."